Wai ƙwayoyin hapis na cusa gadonsu cikin kuromosom ɗinmu? Bitar maganar da ta yi nisa ta bar hujjarta a baya

Idan kana bibiyar labaran kimiyya a intanet, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wannan magana ba: wai ƙwayoyin bairos na dangin hapis suna kutsawa cikin kuromosom ɗin ɗan Adam, su ɗinke kundin gadonsu da namu, har mutum ya gadar wa ’ya’yansa. Akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar ma ta fi yadda ake ba da labarin ban mamaki. Amma yadda ake faɗinta a dunƙule ya haɗe tambayoyi uku da ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne: a ina bairos ɗin yake shiga, ta yaya yake shiga, sannan me shigar take jawo wa mai ɗauke da shi. Ta farko an amsa ta da kyau. Ta biyu rabi da rabi ce. Ta uku kuwa, a nan ne baki ya riga hujja.

Mu fara da kalmar “dangin hapis” ɗin kanta, domin daga nan kwaɓar ta fara yin ruwa. Ƙwayoyin hapis da ke kama mutum guda tara ne. A cikinsu akwai mai kawo ƙurajen nan da kan feso a leɓe bayan zazzaɓi, akwai mai kawo ƙarambau, akwai EBV da ake dangantawa da kansar muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Dukkansu halinsu ɗaya: idan sun shiga jiki ba sa fita, sai su laɓe su yi likimo har ranar da garkuwar jiki ta yi rauni. To amma yawancinsu ba cikin kuromosom suke laɓewa ba. Kundin gadonsu yana naɗewa ne ya zama zobe, ya zauna a cibiyar sel kusa da kuromosom ɗinmu ba tare da ya haɗe da su ba. Kamar ɗan haya ne: yana cikin gidan, amma sunansa ba ya cikin takardar gida. Bairos ɗin ƙarambau haka yake zama a jijiyoyi shekara da shekaru. EBV ma zobe yake yi. An sha samunsa a manne da kuromosom a wasu ƙwayoyin kansa, amma wannan tsautsayi ne, ba shi ne tsarin rayuwarsa ba.

Waɗanda maganar ta hau kansu da gaske su biyu ne: HHV-6A da HHV-6B. An gano HHV-6 a 1986 a ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka. A 1988 Koichi Yamanishi da abokan aikinsa a Japan suka nuna shi ke kawo zazzaɓin nan na jarirai mai zafi na kwana uku zuwa biyar, wanda ƙananan ƙuraje kan biyo bayan saukarsa. Daga baya, a 2012, aka raba shi gida biyu a hukumance. Kusan kowa ya kamu da 6B tun yana ƙarami, galibi kafin ya cika shekara biyu ko uku, ta hanyar yawu. Kai ma da kake karanta wannan, kusan tabbas yana jikinka. Saboda haka duk rubutun da ya ce maka “ƙwayoyin hapis” na shiga kuromosom, ya ɗauki halin mutum biyu ya shafa wa gida mai mutum tara.

Inda hujja ta tsaya da ƙafarta

Kowane sel na jikinka mai cibiya yana da kuromosom 46, kowanne da baki biyu. A kowane baki akwai wani abu da ake kira telomiya. Ka ɗauke shi kamar kalmasar da tela ke yi wa bakin zane don kada zare ya warware. Telomiyar mutum ba komai ba ce illa haruffa shida na DNA, TTAGGG, da aka yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa zuwa dubbai. Abin mamakin shi ne HHV-6, wanda kundin gadonsa ya kai haruffa wajen 160,000, yana ɗauke da waɗannan haruffa shida ɗin, a jere a maimaice, kusa da bakunansa biyu. Wato ya zo da irin zaren da aka yi mana kalmasa da shi.

Tun 1993 Mario Luppi da abokansa a Italiya suka ga alamar cewa kundin bairos ɗin a manne yake da DNA ɗin wasu mutane, kuma a ƙarshen shekarun 1990 Masanori Daibata a Japan ya nuna ana gadonsa daga iyaye. Amma takardar da aka fi ambata ita ce ta 2010 a mujallar PNAS, wadda Jesse Arbuckle ya jagoranci rubutawa daga ɗakin binciken Peter Medveczky a Jami’ar Kudancin Fulorida. Sun bi wasu iyalai, suka haska wurin da bairos ɗin yake a kan kuromosom da sinadari mai ƙyalli, sannan suka karanta haruffan daidai mahaɗar da DNA ɗin mutum ya ƙare na bairos ya fara. A kowane iyali mahaɗar a telomiya take, a kuromosom na 17 ko na 18 ko na 22, kuma iyaye da ’ya’ya a wuri ɗaya suke ɗauke da shi. Wannan aiki ne mai kyau, kuma binciken da ya biyo baya a ƙasashe daban-daban bai rushe shi ba. Duk inda aka duba da kyau, a telomiya ake samunsa.

Ka lura da bambancinsa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ita tana da nata furotin na musamman da ke yanka DNA ɗinmu ya cusa nata, kuma tana iya sauka a wurare barkatai a tsakiyar kuromosom. HHV-6 a baki kaɗai yake tsayawa. Masu rubutun da ke cewa “kamar dai HIV” suna ɓatar da mai karatu ne.

Idan shigar ta faru a cikin ƙwan mace ko maniyyi, ɗan da aka haifa zai zo da cikakken kundin bairos ɗin a kowane sel na jikinsa, kuma kowane ɗa da shi ma zai haifa yana da damar kashi 50 cikin 100 na gada. Ana yawan cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari haka yake. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Kalma ɗaya a kan take

Ga inda nake da ja da takardar 2010. Takenta ya ce bairos ɗin da ke cikin likimo ne yake shiga telomiya, wato shiga kuromosom ita ce hanyar laɓewarsa a jikin kowa. Wannan da’awa ta fi abin da suka gwada girma. Mutanen da suka bincika waɗanda suka gaji bairos ɗin ne, ’yan tsirarun nan. Sauran hujjar kuma daga ƙwayoyin sel na ɗakin gwaji ta fito, irin su HEK-293, waɗanda aka sauya musu hali suna ta rabuwa ba iyaka. A cikinsu an zuba bairos, an same shi a telomiya, ba a ga zobe ba. To, amma sel ɗin da ba ya mutuwa ai telomiyarsa ba irin ta kowa ba ce, domin kula da telomiya na cikin sirrin rashin mutuwar tasa. Idan kana son sanin halin baƙo a bakin ƙofa, ka gwada shi a gidan da aka sauya wa ƙofa, dole a yi taka-tsantsan da sakamakon.

Mu sauran kashi 99 da muka kamu ta yawu muna jarirai fa? A jikinmu ƙwayoyin sel da ke ɗauke da bairos ɗin ƙalilan ne ƙwarai a cikin miliyoyi, kuma kama mahaɗa guda a cikin irin wannan taro aiki ne mai wuyar gaske. Zato ne mai ƙarfi cewa a nan ma telomiya yake shiga, ni ma na fi karkata can. Sai dai zato mai ƙarfi daban, abin da aka nuna daban, kuma littattafai da shafuka da yawa sun kwafi taken sun mayar da shi hukunci.

Abin da ya ƙarfafa zaton daga kaji ya zo. Duk mai kiwon kaji ya san rigakafin cutar Marek da ake yi wa ’yan tsaki tun ranar ƙyanƙyasa. Bairos ɗin Marek ɗan dangin hapis ne, shi ma yana da TTAGGG, shi ma yana shiga telomiyar kaza. A 2011 Benedikt Kaufer da abokansa suka lalata waɗannan haruffa a jikin bairos ɗin, sai shigarsa telomiya ta lalace, kansar da yake haddasawa ta ragu, farkawarsa daga likimo ma ta ragu. A kaza ana iya yin gwajin a jikin dabba mai rai daga farko har ƙarshe. A mutum ba a iya yi.

Mabuɗin da bai buɗe komai ba

Labarin “ta yaya” ya fi kowanne daɗi, don yana nuna yadda kyakkyawan zato ke iya zama shekaru ba a taɓa shi ba. HHV-6 yana da wani sashe a kundinsa da ake kira U94. Tun 1991 aka lura cewa furotin ɗin U94 ya yi kama da wani furotin na wani ƙaramin bairos mai suna AAV, wanda shi kuma aka san yana taimaka masa shiga kuromosom na 19. Ga kama, ga kuma gwaje-gwajen da suka nuna U94 na kama DNA mai haruffan telomiya yana warware shi. Sai kowa ya ce ai shi ke nan, an samu mabuɗi. An yi shekaru ana kiransa furotin ɗin cusawa, ana ɗan saka “wataƙila” a gaba, wani lokacin ma a manta da ita.

A 2016 Nina Wallaschek, a ɗakin binciken Kaufer a Berlin, ta yi abin da ya kamata: ta cire U94 gaba ɗaya ta ga me zai faru. Bairos ɗin ya ci gaba da shiga telomiya abinsa. A shekarar dai, ɗakin binciken ya cire haruffan TTAGGG ɗin daga bairos ɗin. Nan kuwa ya ci gaba da hayayyafa lafiya lau, amma shiga kuromosom ta faɗi warwas. An kuma gwada rage wasu furotin biyu da ake zargi, U41 da U70, shigar ba ta tsaya ba.

Abin da wannan ya tabbatar shi ne haruffan da suka yi kama su ne ginshiƙi. Bayanin da aka fi yarda da shi yanzu: sel yana da ma’aikatan gyaran DNA da ke haɗa zare biyu idan haruffansu sun dace, sai su ɗauki bakin bairos a matsayin telomiya su ɗinke su tare. Tsarin mahaɗar ya goyi bayan haka, domin kullum bairos ɗin fuska ɗaya yake kallo, kuma a ɗaya bakin nasa sabuwar telomiya ke tsirowa, ya zama shi ne ƙarshen kuromosom ɗin. Amma wane ma’aikaci ne takamaimai ya riƙe allurar, na sel ne ko na bairos, gwaje-gwajen cirewa ɗaya bayan ɗaya ba su kama shi ba. Don haka idan ka ga zane mai kibiyoyi yana nuna maka mataki na ɗaya, na biyu, na uku kamar an ɗauki bidiyon abin, ka san rabin kibiyoyin hasashe ne.

Yana iya fitowa kuwa? E. Ƙungiyar Nicola Royle a Jami’ar Lesta ta Ingila ta nuna telomiyar da ke ɗauke da bairos ɗin sau da yawa gajera ce kuma ba ta da kwanciyar hankali, har kundin na iya ɓallewa ya fita a matsayin zobe. Hujja mafi ƙarfi a jikin mutum ta zo daga Japan a 2014: wani jariri da aka haifa da mummunar tawayar garkuwar jiki, ya gaji HHV-6A daga mahaifinsa, ya kamu da ciwo mai tsanani, kuma bairos mai rai da aka ciro daga jikinsa ya dace da wanda ke cikin kuromosom ɗinsa. Wannan ya rufe bakin masu cewa gawa ce kawai ake gada. Amma ka lura da wanda abin ya faru da shi: yaron da kusan ba shi da garkuwa sam.

Cuta, ko dai lissafi?

A 2015 Annie Gravel da Louis Flamand na Jami’ar Laval suka duba mutum kusan 20,000 a lardin Kwibek na Kanada. Kashi 0.58 cikin 100 ne suka gaji bairos ɗin, wato mutum ɗari da ’yan kai. A cikinsu aka ga ciwon ƙirjin nan da ke zuwa idan jini bai wadaci zuciya ba ya ninka na sauran mutane kusan sau uku. Labari ya bazu. Amma yi lissafin da kanka: mutum ɗari da ’yan kai, masu ciwon ƙirji a cikinsu ’yan ƙalilan ne, kuma an auna su a kan jerin cututtuka masu yawa. Wanda ya jefa ƙugiya sau hamsin, kada ya yi mamaki in ɗaya ta kamo wani abu. Ba ina cewa sakamakon ƙarya ba ne. Ina cewa bincike guda mai nuna alaƙa dalili ne na sake dubawa, bai kai a tsorata mutum da shi ba.

Na 2020 ya fi shi ƙarfi. Francesca Gaccioli da Gordon Smith a Jami’ar Kambirij sun ga cewa idan ɗan tayi ya gaji bairos ɗin, haɗarin uwa ta samu hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, ya ninka sau biyu zuwa uku. Abin da ya sa na fi girmama wannan aiki shi ne ba su tsaya kan rukuni ɗaya ba, sun sake gwadawa a wani rukunin mata daban suka samu abu mai kama da na farko. Duk da haka, a ƙasar da jijjiga ke cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa, kamar tamu, dole a faɗi ɗaya gefen a fili: tunda masu ɗauke da gadon ’yan kaɗan ne, mafi yawan matan da ke jijjiga ba ruwansu da HHV-6. Awon ciki da duba hawan jini su ne dai maganar, ba neman gwajin wani bairos ba.

Yanzu mu koma kan “ɗaya cikin ɗari”. Daga ina ya fito? Wani bincike a Japan a 2004 ya samu 0.21. Na masu ba da jini a Ingila a 2007 ya samu 0.8. Na Kwibek 0.58. Ka ga ko a tsakaninsu akwai ninki kusan huɗu, kuma kusan duk alƙaluman daga Turai, Arewacin Amurka da Japan suke. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin abin gado ne, kuma gado yana bin zuriya. Binciken Royle na 2017 ya nuna Turawa da yawa masu ɗauke da 6B daga kaka ɗaya suka gaje shi, wanda aka ƙiyasta ya rayu wajen shekara 24,000 da suka wuce. Wato ba sabuwar shiga ake yi a kowane gida ba. ’Yan tsofaffin shiga ne suka yaɗu da haihuwa. A 2021 Amr Aswad da abokansa suka nuna tarihin waɗannan kundaye yana bin sawun ƙaurar ɗan Adam daga Afirka. To, nahiyar da ta fi kowace bambancin gado ita ce aka fi ƙarancin aunawa. Ɗaukar adadin Landan a ninka shi da yawan mutanen Najeriya a ce ga masu ɗauke da shi, lissafin dokin rano ne.

Inda abin ke iya cutar da mutum yau

Haɗarin da aka tabbatar, abin mamaki, ba daga bairos ɗin yake zuwa ba, daga takardar sakamakon gwaji yake zuwa. Gwajin PCR yana ƙirga kwafin DNA ne, bai san ko bairos na hayayyafa ko yana kwance ba. A mililita ɗaya na jini akwai fararen ƙwayoyin jini miliyoyi. Mutumin da ya gaji HHV-6 yana da kwafi ɗaya a kowannensu, saboda haka sakamakonsa zai nuna miliyoyin kwafi, yau da gobe da shekara mai zuwa, alhali lafiyarsa ƙalau. Likitan da bai san da wannan ba zai ga adadin ya ɗauka cuta ce ta yi kamari, ya ɗora shi kan gansikulobiya ko foskanet. Na farko yana danne ɓargo, na biyu yana taɓa ƙoda. Adadin kuma ba zai sauka ba, tunda ba a kashe kuromosom da magani, sai a ƙara kwanaki ana bayarwa.

Haka yake a ruwan ƙashin baya. Yaro ya zo da alamun sanƙarau, na’urar da ke neman ƙwayoyin cuta da yawa a lokaci guda ta nuna HHV-6, sai a tsaya nan a daina neman ainihin mai laifin, alhali ’yan fararen ƙwayoyin jinin da ke cikin ruwan ne suka zo da gadonsu. A dashen ɓargo ma an gani: idan mai bayarwa ya gaji bairos ɗin, adadin zai yi ta hawa a jinin wanda aka dasa wa daidai lokacin da sabon ɓargon ke kamawa. Alamar nasara ce, amma a takarda kamar annoba take.

Rarrabewar ba ta da wuya. Wani taron masana da Philip Pellett ya jagoranci rubuta matsayarsu a 2012 ya ba da ma’auni: idan kwafi ya haura wajen 300,000 a mililita na cikakken jini, a fara zargin gado. A gwada saiwar gashi ko farce, domin bairos ɗin da aka kama ta yawu ba ya zama a can, amma wanda aka gada yana ko’ina. A gwada iyaye, za a samu ɗayansu da irin adadin. Ko a auna kwafin bairos da yawan sel, in an samu ɗaya bisa ɗaya magana ta ƙare. Wannan shi ne sashen labarin da ya fi kowanne tabbas kuma ya fi amfani ga marar lafiya, amma shi ne ba ka cika gani a rubuce-rubucen da ke zuzuta “bairos ɗin da ya zama ɓangaren jikinmu” ba. Saiwar gashi ɗaya ba ta jan masu dannawa kamar kalmar kutse.